Mantau Mai Haƙar Rijiya da Maganin Kurege

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu maiƙon miya a hannu."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, ai mun wanke!"

To, ku matso kusa, ku bar wa ƙanwarku gefen tabarma.

An yi wani mutum mai haƙar rijiya, sunansa Mantau. Garinsu a kan tudu yake, ƙasar wurin ja ce mai tauri. Tun yana saurayi ba shi da wata sana'a sai haƙa. In ya shiga rami da daginsa, wannan dogon ƙarfen da ake sarar ƙasa da shi, sai ka ji waƙa tana tasowa daga ƙasa, har masu wucewa su tsaya su leƙa. Rijiya goma sha ɗaya ya haƙa a garuruwan da ke kewaye da su, kowacce ta ba da ruwa.

Matarsa kuwa Tsahara ce, gajeriya, mai saurin dariya. 'Ya'yansu mata biyu sun yi aure sun tafi, gida ya koma daga shi sai ita, kamar yadda suka fara.

Wata shekara aka kira Mantau wani gari mai nisa. Ya yi kwana arba'in yana haƙa, ya kai gaba ashirin, ko danshi bai gani ba. Mutanen garin suka taru a bakin ramin suna yi masa dariya. Wani ya ce ai rumbu ya gina musu a ƙarƙashin ƙasa. Mantau ya saɓa daginsa ya dawo gida, ya jingine shi a bayan ɗaki. Tun daga ranar ba a ƙara jin waƙarsa ba.

Ana nan, ana nan, sai tsohuwar rijiyar garinsu ta rufta da damina. Mutane suka koma shan ruwan tafki. Da rani ya yi nisa, tafki ya fara janyewa, mata suka shiga tafiya rafi, tafiyar da in an fita da sassafe ba a dawowa sai rana ta take tsaka.

Mai gari ya aika aka kira Mantau. Ya ce, "Mantau, ka ga halin da muke ciki. In tafkin nan ya ƙafe ba mu da rijiya, sai dai mu ɗaure kaya mu bar garin nan, mu bar kaburburan iyayenmu. Kai muke kallo."

Mantau ya sunkuyar da kai ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Washegari ya ɗauko dagi ya kakkaɓe masa ƙura, ya zaɓi wuri kusa da wani babban ɓaure a bakin gari, ya fara. Ranar farko rami ya kai masa gwiwa. Rana ta biyu ya kai ƙugu. Rana ta uku ya kai ƙirji, daga nan sai jiki ya ƙi. In ya ɗaga dagi sai ya ji kamar turmi ya ɗaga. Ya yi sara biyu ya tsaya. Ya yi hamma, ya duba rana, ya zauna ya jingina da bangon rami, sai gyangyaɗi.

To, a cikin saiwoyin ɓauren nan akwai gidan Kurege. Kurege yana lura. Ya ga kullum da hantsi Tsahara tana kawo ƙwaryar fura da nono, da ƙullin soyayyiyar gyaɗa, ta zauna su ɗan taɓa hira, sannan ta ɗauki tulunta ta bi sauran mata. Ƙanshin furar nan ya hana Kurege sakat.

Ran nan da Tsahara ta juya baya, sai ya fito yana kaɗa wutsiya, ya tsaya a bakin rami.

"Sannu da aiki, Baba Mantau."

"Yawwa, Kurege. In wannan aiki ne."

"Tun safe nake ƙirgawa. Dagin nan bai tashi sau goma ba."

Mantau ya yi ajiyar zuciya. "Kasala ce, Kurege. Na kwana, na tashi, jikina kamar an jiƙa tsumma."

Kurege ya gyara tsayuwa ya ce, "Baba, mu gidanmu gidan haƙa ne, tun kaka da kakanni. Ka taɓa ganin kurege ya zauna bakin raminsa yana hamma?"

"Ban taɓa gani ba."

"To, akwai magani. Don kai ne zan ba ka, ba na son komai naka."

Ya haye ɓaure, ya tsinko ganye guda, ya ce Mantau ya saƙala a bayan kunnen dama. Sannan ya rage murya ya ce, "Sai dai maganin nan ba ya shiri da fura. Ita ce ma take saukar maka da nauyi. Miƙo ta nan, ni zan san yadda zan yi da ita, kada Inna Tsahara ta ga ba ka sha ba ranta ya ɓaci."

Mantau ya miƙa. Kurege ya ja ƙwarya bayan itace, ya tsoma kai, bai ɗago ba sai da ya ga gindinta. Mantau kuwa ya yi ta fama da ciki wayam. Da la'asar ya ce, "Kurege, ni fa ban ji wani canji ba."

Kurege yana lasar gashin baki ya ce, "Ƙarfi na nan tafe, Baba Mantau, yana kan hanya."

Kashegari Kurege ya ƙara masa ganye a kunnen hagu. Ya karɓe fura, ya haɗa da gyaɗar. Ya ce, "Na manta ban gaya maka ba, maganin nan ba ya shiri da hutu. Yau ko rana ta tsaya a tsakiyar kanka, kada ka fito inuwa." Dalilinsa kuwa, in Mantau ya fito inuwa zai tarar da shi kwance ciki ya yi tim.

Mantau ya wuni a rana. Gumi ya ƙare masa, idonsa ya riƙa ganin duhu-duhu. Da yamma ko kamu ɗaya ramin bai ƙaru ba. Ya ce, "Kurege, yau ma abin ya fi jiya muni."

"Haka yake farawa. Ƙarfi na nan tafe, Baba Mantau, yana kan hanya."

Rana ta uku Kurege ya sa masa ganye a cikin hula. Ya ce, "Saura sharaɗi ɗaya. Maganin nan ba ya shiri da hira. In Inna Tsahara ta zo, ka ce ta ajiye ƙwarya daga nesa ta tafi."

Da hantsi Tsahara ta iso da fara'arta. "Sannu da aiki, maigida. Yau har da ɗan zuma na sa maka."

Mantau bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ajiye can ki tafi."

Tsahara ta tsaya cak. Shekara talatin suna tare, bai taɓa yi mata irin wannan maganar ba. Ta ajiye ƙwarya, ta juya, amma ba ta bi hanyar rafi ba.

Ku sani, dama tana da abin da ke damunta. Mantau tun aurensu bai taɓa shanye fura ƙaf ba. Kullum sai ya rage mata ludayi biyu, ya ce ragowarsa ta fi daɗi a bakinta. Amma kwana biyun nan ƙwarya tana dawowa a lashe tas, har da 'yan ƙananan karce a cikinta. Ga shi kuma in ya dawo gida da magariba sai ya auka wa tuwo hannu baka hannu ƙwarya, ko magana ba ya yi.

Sai ta zagaya ta bayan wata sabara ta laɓe. Ba a jima ba sai ga Kurege ya fito yana taku ɗai-ɗai, ya buɗe faifai, ya tsoma kai cikin ƙwarya, wutsiya a sama. Tsahara ta lallaɓa, ta ɗauki kwandon da ake kwasar ƙasa da shi, ta kifa masa. Kip!

"Wayyo! Wane ne?"

"Mai furar ce."

Ta ɗora dutse a kan kwandon, ta nufi bakin rami. "Maigida, zo ka ga baƙonka. Maigida?"

Ta leƙa, sai ta gan shi a kwance a ƙasan rami, dagi a gefe, ganye a kunnuwa biyu. Ya suma.

Tsahara ba ta san lokacin da ta dira cikin ramin ba. Ta ɗora kansa a cinyarta, ta yi ta yi masa fifita da gefen zane tana kiran Allah. Ta hau sama, ta ɗebo ɗan ruwan da ya rage a tulunta, ta dawo ta yayyafa masa a fuska. Can sai ya buɗe ido. Ta ɗauko ragowar furar da Kurege bai kai ga shanyewa ba, ta zubar da ta sama, ta riƙa ba shi da ludayi kamar yaro. Ta cire ganyen nan ɗaya bayan ɗaya, tana dubansa, dariya na cinta, hawaye na zuba.

Da ya dawo hayyacinsa ya ba ta labarin maganin Kurege, kunya ta hana shi duban idonta. Ta bari ya gama, sannan ta ce, "Maigida, gaya mini gaskiya. Jikin ne, ko zuciyar?"

Mantau ya ce, "Tsoro nake ji, Tsahara. Duk saran da na yi, sai in ji kamar ina matso da ranar da za a leƙo a ce babu ruwa. A wancan garin baƙi ne suka yi mini dariya, na haɗiye. Nan fa? A gaban mutanen da suka san ubana? A gabanki?"

Tsahara ta ce, "Ranar da ka zo neman aurena, rijiya nawa ka haƙa?"

"Ko ɗaya."

"Na ƙi ka?"

"Ba ki ƙi ni ba."

"To. Kuma wa ya ce maka ramin nan naka ne kai kaɗai? In ruwa ya zo, gari ne zai sha. In bai zo ba, gari ne bai samu ba. Tashi mu tafi gida. Yau da gobe ba ka da aiki sai ci da barci."

Daga ƙarƙashin kwando sai aka ji 'yar murya. "Inna Tsahara, ni fa? Wallahi taimako na yi niyya."

"Za ka taimaka kuwa," in ji ta. "Ba ka ce gidanku gidan haƙa ba ne? Jibi za mu gani."

Ta zura hannu ta kamo shi, ta ɗaura masa igiya a ƙugu, ta tafi da shi gida ta ɗaure a ƙafar rumbu.

Mantau ya yi barci irin wanda ya daɗe bai yi ba. Ya tashi ya ci ɗumame, ya koma. Ya tashi ya ci dambu, ya zauna a inuwa yana kallon kaji.

Ranar da za su koma, ana idar da sallar asuba suka fita su uku, tun ƙasa da sanyinta. Tsahara ta roƙi maƙwabciyarta ta riƙa ɗebo mata ruwa, ita kuma ta zauna a bakin rami da guga da igiya, tana janye ƙasar da Mantau ya sara. Kurege kuwa aka zura shi ciki, aikinsa ya riƙa tura ƙasa cikin guga da ƙafafunsa.

Mantau ya ɗaga kai ya ce, "Kin san fa sai an kai gaba goma sha biyar, ko ashirin."

"Ni ban san wannan ba," in ji Tsahara. "Kamu uku nake so kafin hantsi. In ka ba ni, ka fito mu sha fura."

Kamu uku ba wani abu ba ne. Kafin hantsi ya ba ta. Ta zura wata igiya ta auna zurfin, ta ƙulla ƙulli a daidai wurin, ta nuna masa. Suka zauna a inuwar ɓaure suka sha fura tare. Ta ɗebi gyaɗa cikin tafin hannu ta zuba wa Kurege.

Kurege ya dube ta. "Har da ni?"

"Mai aiki ba ya zama da yunwa a gabana, ko da ɓarawo ne."

Da rana ta yi zafi ta ce kowa ya kwanta. Da ta yi sanyi suka koma, ta ce kamu biyu kawai take so. Haka suka yi kwana huɗu, ƙulli yana bin ƙulli a jikin igiya. Mantau ya daina hamma, amma har yanzu shiru yake aikinsa.

Rana ta biyar sai Tsahara ta fara waƙa. To, Tsahara Allah ya ba ta hannun girki, ya ba ta kirki, amma bai ba ta murya ba. In ta buɗe baki sai ka ce ana jan ƙofar kwano. Ta kama tsohuwar waƙar haƙar Mantau, ta karkace ta, ta sa farko a ƙarshe, ta yi ta rerawa da ƙarfi cikin ramin. Kurege ya toshe kunnuwa. Mantau ya daure, ya daure, har ya kasa.

"Haba, Tsahara! Ba haka ake yin ta ba."

"To yaya ake yi? Ni haka na iya."

Ta sake ɗaukowa, ta fi na farko ɓatawa. Sai Mantau ya yi gyaran murya ya ce, "Saurara ki ji." Ya ɗaga dagi, ya sauke shi daidai da kiɗan waƙar. To, jikokina, ku ne za ku yi mini amshi, ku ce, ƙasa, ba mu hanya.

Dagi, dagi, sauka lafiya,
"Ƙasa, ba mu hanya!"
Tulun Tsahara ya gaji da tafiya,
"Ƙasa, ba mu hanya!"
Mai shan furar wani ya zo ya yi haƙa,
"Ƙasa, ba mu hanya!"

Madalla, haka ake yi.

Matan da ke dawowa daga rafi suka ji waƙa tana fitowa daga ƙasa. Suka sauke tuluna suka ce, "Lale! Mantau ya dawo!" Suka kama amshi, suka kama igiya. Kashegari mazajensu suka zo da itatuwa suka kafa a bakin ramin don jan guga. Wannan ta kawo ƙosai, waccan ta kawo kunun tsamiya. Wurin da dā babu kowa sai mutum ɗaya da gyangyaɗi, ya koma kamar ana biki. Kurege ma, da ya ji an sa shi a waƙa, sai ya riƙa tura ƙasa yana rausaya.

Gaba biyar. Gaba tara. Gaba goma sha huɗu.

Ran nan da safe Mantau ya sauke dagi, sai aka ji ƙwal! Dagi ya yi tsalle ya dawo. Ya share ƙasa da hannu, sai ga baƙin dutse shimfiɗe, ya rufe gindin ramin daga bango zuwa bango. Ya sara ta gabas, ya sara ta yamma. Kwana uku yana sara, bakin dagi ya lanƙwashe, dutse ko gezau.

A ranar ta ukun ne tafki ya zama taɓo. Mai gari ya sa aka yi shela kowa ya fara haɗa kayansa.

Mantau ya fito daga rami ya zauna a gindin ɓaure, hannuwansa duk sun fashe. Tsahara ta zauna kusa da shi. Wannan karon bai jira ta tambaya ba. Ya ce, "Tsahara, abin nan ya dawo mini. Ƙafafuna ba sa son komawa ciki."

Ta kama hannunsa tana shafa masa man shanu a wuraren da suka fashe. Ta ce, "Na ji daɗi da ka faɗa mini da bakinka. Zauna. Ba wanda zai tura ka."

Suna nan zaune, ashe an manta da Kurege a ƙasan rami. Shi kuwa da ya ga ba kowa, sai tsohon halinsa ya motsa. Ya ce a ransa, gari zai tashi, gyaɗa za ta ƙare, zaman me nake yi? Ya gaigaye igiyar ƙugunsa, ya sami wata 'yar kafa tsakanin dutse da bango, ya fara tonawa don ya gudu. Ya so ya yi sama, kafar ta yi ƙasa da shi. Ya bi ta, ya bi ta, har hancinsa ya nutse cikin wani abu mai sanyi, ya toshe masa numfashi. Ya ja da baya a guje, ya fito yana atishawa yana ihu.

"Ku fitar da ni! Inna Tsahara, na tuba! Ku fitar da ni!"

Aka zura guga aka jawo shi. Tsahara ta ga igiya a gaigaye, ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai Mantau ya ce, "Tsaya." Ya kamo Kurege ya ɗaga shi daidai fuskarsa. Ya lakato abin da ke hancinsa, ya murza a yatsa, ya sansana, ya ɗanɗana a harshe.

Ya miƙe tsaye. "Laka ce. Tsahara, ɗanyar laka ce! Ruwan yana ƙarƙashin dutsen nan!"

Ya tafi wurin Mai gari da gudu, jama'a na biye da shi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, dagi ba zai fasa dutsen nan ba, amma na ga yadda maigidan da ya koya mini haƙa ya taɓa yi. A hura wuta a kansa har ya yi ja, sannan a kwara masa ruwan sanyi mai yawa a lokaci ɗaya. Zai tsage."

Mai gari ya ce, "Itace muna da shi. Ruwan fa? Babu ruwa a garin nan sai wanda matan nan suka ɗauko a kansu. In muka zuba shi a rami dutse bai fashe ba, da me za mu kama hanya?"

Mantau ya ce, "Ba zan yi maka rantsuwa zai fashe ba. Na taɓa haƙa rijiya ban sami ruwa ba, kowa ya sani. Amma a wancan ramin ban taɓa ganin laka ba."

Sai wata tsohuwa, Iya Dudu, wadda ta fi kowa shekaru a garin, ta tako da sandarta. Ta ce wa jikanyarta, "Je ki ɗauko tuluna. A garin nan aka yanke mini cibiya, ba inda za ni." Tulun Tsahara dama yana bakin rami. Daga nan sai mata suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Aka ware na jarirai da masu jego, sauran aka jera su, tulu ashirin da bakwai.

Washegari aka yi ta zura itacen ƙirya, aka cinna wuta. Ta ci tun safe har la'asar, ana ƙara mata, har ba mai iya leƙa ramin don zafi. Da ta zama garwashi, Mantau ya tsayar da mutane kewaye da bakin, kowa da tulu a hannu. Ya ce, "In na ce bismillahi, gaba ɗaya."

Ya ce bismillahi. Aka kwara.

Sai ƙasa ta yi wata ƙara kamar aradu, tururi ya yi sama ya rufe ɓauren, awaki suka tsinke igiya, Kurege ya shige cikin zanen Tsahara. Daga nan sai shiru. Ba mai iya shiga sai hayaƙi ya fita, don haka aka kwana ba a san abin da ke ƙasa ba, kuma gari ya kwana da ƙishi.

Gari na wayewa Mantau ya ɗaura igiya a ƙugu, ya karɓi daginsa da maƙeri ya gyara wa baki. Tsahara ta ce, "Sara ɗaya kawai nake so. In ka ba ni, ka fito."

Ya yi murmushi ya sauka. Ya share toka da ƙafa, sai ga dutse ya tsage gida uku. Ya sa bakin dagi a tsagar, daga sama jama'a suka ɗauki waƙa da busassun maƙogwaro. Ya danna, ya danna, wani ɓangare ya motsa. Ya sake dannawa da duk ƙarfinsa, ɓangaren ya kife gefe.

Sai waƙa ta tsaya, don ba a ƙara jin motsinsa ba.

Tsahara ta durƙusa a bakin ramin. "Maigida?"

Shiru.

"Maigida, ka yi magana mana!"

Sai igiyar guga ta motsa, alamar a ja. Aka ja, aka ja, guga ya yi nauyi. Da ya iso baki, sai ga shi cike da ruwa, jajir da laka, yana zuba ta gefe.

Iya Dudu ce ta fara rangaɗa guɗa, sauran mata suka ɗauka. Maza suna kabbara, yara suna tsalle. Aka tace ruwan da gefen mayafi aka fara ba tsohuwar, ta sha, ta shafa a fuska. Waɗanda suka ɗaure kaya suka ruga gida suna kwancewa.

Kurege kuwa Tsahara ta kwance masa guntun igiyar da ta rage a ƙugunsa, ta ba shi gyaɗa cike da ƙoƙo, ta ce ya tafi Allah ya shirye shi. Ya shiga daji yana gaya wa zomo da bushiya cewa shi ya haƙa rijiyar, wani mutum ne dai ya ɗan taya shi. Ba wanda ya bi shi ya ƙaryata.

Ana ta murna, sai aka lura Mantau bai fito ba. Tsahara ta sake leƙawa. Can ƙasa ta hango shi zaune dirshan cikin ruwa, ya kai masa ƙirji, yana ɗiba da tafin hannu yana zuba wa kansa, yana dariya yana kuka.

Ta share idonta da bayan hannu, ta ce, "Maigida, fito haka nan. Kana gurɓata mana ruwan sha."

Aka jawo shi yana ɗigar ruwa, ta yafa masa mayafinta a gaban kowa, ba ta ji kunyar kowa ba.

To, kun ji. In kun girma aiki ya yi muku nauyi, kada ku nemi ganyen saƙalawa a kunne. Ku ci abinci, ku huta in lokacin hutu ya yi, ku ɗauki aikin kaɗan-kaɗan. In kuma tsoro ne ya kama zuciyarku, ku faɗa wa mai ƙaunarku, kada ku zauna da shi ku kaɗai a cikin rami.

Ƙurunƙus kan kurege. Wanda ya ga ƙarya a ciki, gobe shi zai fara ɗebo mana ruwa.